Ranar da Na Taka wa Kaso Bakwai Birki

Ku matso kusa, 'yan uwa, yau ba na son mai karatu da rabin ido. Wadda take girki ta rage wuta, wadda take ofis ta juya wa shugabanta baya, domin abin da na aikata ranar Alhamis har yanzu Mama ba ta daina yi mini kallon wadda ta kifar da man girki a kan sabon kafet ba.

Ga waɗanda yau suka fara shigo mana: shekarata ashirin da tara, ina aiki a wani kamfani mai juya kuɗin jama'a, hawa na shida, sashen lura da haɗari. Ina zama a ɗakin gilashi da allo uku a gabana, ina kallon 'yan ciniki goma sha ɗaya masu ji da kansu. Kowannensu an shata masa jan layi. Duk wanda asararsa ta taɓa layin, ni ce nake rufe masa ciniki, ko da zai yi birgima a ƙasa. Shi ya sa suke kirana Birki, kuma ba don ƙauna suka raɗa mini ba.

Shi kuwa mutumin nawa, Kaso Bakwai ake ce masa, saboda ba ya gama magana bai ce "kaso bakwai ne fa, a kwance" ba. Dogo ne, kwalar rigarsa za ta iya yanka albasa don guga, turarensa kuma yana riga shi fitowa daga lif. Wata takwas ke nan muna tare a ɓoye. Dokar ofis ta ce in ma'aikaciyar sashenmu ta fara soyayya da ɗan ciniki, sai ta cike takarda ta sanar. Na karɓi takardar tun wata huɗu da suka wuce. Tana nan a durowata, ƙarƙashin fakitin biskit, har ta yi maiƙo.

Sau ɗaya ya taɓa shiga gidanmu, ranar da ya rage mini hanya ana ruwan sama. Gwaggo, ƙanwar Baba, mai ba da hayar kujeru da manyan tukwane a gidajen taro, ta ƙare masa kallo daga takalmi har agogo.

"Ɗan nan, wai me kake sayarwa ne? Na ga kana sheƙi."

Ya gyara zama. Ya ce akwai wata ƙasa can nesa da ta yi shekara da shekaru tana ba da rance kusan kyauta. Sai ya ranto kuɗinsu, ya canza zuwa na wata ƙasar, ya sayi takardun lamunin gwamnatinta masu biyan riba mai tsoka. Abin da ya rage a tsakani, shi ne nasa.

Gwaggo ta tafa hannu. "Ah to, ai sana'armu ɗaya. Ka aro tukunyar maƙwabciya da 'na gode', ka ba da hayarta a gidan taro."

"Daidai, Gwaggo. Kaso bakwai ne fa, a kwance."

"To ranar da mai tukunya ta aiko a kawo mata abarta, alhali tana kan wuta a gidan mutane fa?"

Ya yi dariya har da riƙe ciki. "Ba ta taɓa aikowa ba."

Mama ta harari Gwaggo, ta tura masa farantin kankana. Daga ranar ta ɗauke shi ta ɗora a ka. Ko tari na yi sai ta ce, "Kin gaya wa yaron nan?"

To, Alhamis ita ce ranar da aka tsayar zai zo ya gaisa da Baba, ƙarfe huɗu na yamma. Ni da shi duk mun nemi izinin rabin yini, kowa da ƙaryarsa: ni likitan haƙori, shi rakiyar kawunsa filin jirgi. Tun da safe Mama ta shimfiɗa mini doguwar riga ruwan zuma a kan gado, ta canza labulen falo, ta sa an ɗauke tsohuwar kujerar Baba mai yagaggen hannu, Baba ya sa an dawo da ita.

"Ke 'yar nan, ki dawo da wuri, kuma ki bar fuskar ofis ɗin nan a ofis. Mace kamar tumatir ce, kullum aka kwana farashinta sauka yake."

"Mama, a wajen aikinmu in farashin takarda ya faɗi, ribarta tashi take yi."

"To ki auri takardar."

Ina fitowa daga lif na san ba lafiya. Falon ciniki da kullum yake kamar tashar mota ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar na'urar sanyaya ɗaki. Wani ya ajiye shayinsa har ya yi fata a sama. Na shiga ɗakina, na kunna allo, sai na ga ja ta ko'ina kamar an yanka kaji.

Mai tukunya ta aiko.

Babban bankin ƙasar nan mai rance kyauta ya ƙara kuɗin ruwa, ya kuma ce bai gama ba. Nan take kuɗinsu ya fara tsada. Ku tuna, ba Kaso Bakwai kaɗai ya aro tukunyar ba, rabin masu wayon duniya sun aro. Kowa yana son ya sayi kuɗin ya biya kafin ya ƙara tsada, kuma kafin ka saya sai ka sayar da abin da ke hannunka. Sai ga duniya ta taru a ƙofa ɗaya ana turereniya. Ga kuma wata a gefe: makonni ke nan manyan gwamnatoci, da bashi ya yi musu katutu, suna ƙara ribar da suke biya kafin a yarda a ranta musu. In gwamnatin da ake ganin ba ta mutuwa ta fara biyan riba mai kauri, wa zai bar kuɗinsa a wuri mai santsi? Tsofaffin takardu suka yi ta zubewa, har da waɗanda mutumina ya tara. Abin da ya ranta yana tsada, abin da ya saya yana araha. Gaba kura, baya siyaki.

Ƙarfe goma da kwata layinsa ya koma ruwan ɗorawa. Sha ɗaya saura minti takwas ya zama ja.

Doka ta ba ni minti goma sha biyar in rufe. Amma a gefen allona akwai wani ɗan akwati da aka rubuta "farashi na da shakka". An yi shi ne don ranar da na'ura ta haukace ta kawo farashin ƙarya. In na taɓa shi, agogo zai tsaya na awa biyu ana bincike. Sau biyu na taɓa amfani da shi a shekara huɗu, kuma duk na'urar ce da laifi. Ranar Alhamis kuwa lafiyar na'ura ƙalau, duniya ce ta haukace.

Jakata ta fara rawa a kan tebur. Wayata ta gida ce, ba ta ofis ba, saƙonninsa ne suke shigowa ɗaya bayan ɗaya.

"Birkina."

"Na san kin gani."

"Ki taɓa akwatin nan. Awa biyu kawai. Kasuwa firgita ta yi, za ta dawo hayyacinta."

"In kika rufe yanzu asarar ta tabbata, ladan shekarata ya tafi. Da shi fa zan kama mana gidan nan mai baranda."

"Kada ki sa in je gaban Baba a tsiyace."

Na ɗaga kai. Yana can teburinsa ta bayan gilashi, ya kwance maɓallin wuya, abin da ban taɓa gani ba. Ya ɗaga mini yatsu biyu a ƙasa-ƙasa, kusa da cinyarsa, yana wannan murmushin da ya sa na ci biskit a kan takardar sanarwa wata huɗu.

Ba zan yi muku ƙarya ba, 'yan uwa, hannuna ya je kan akwatin. Na ga barandar nan da idona: kujeru biyu, tukwanen fure, ni da shayi, Mama tana waya tana gaya wa ƙawayenta cewa 'yarta tana hawa na uku. A daidai lokacin saƙon Mama ya shigo, hoton kaji huɗu a kwance cikin faranti, da murya a ƙasa: "Ki tambaye shi, yana cin yaji?"

Sai idona ya sauka a saman allon, inda aka rubuta mai kuɗin. Ba kuɗin Kaso Bakwai ba ne, ba kuma na kamfani ba. Asusun fansho ne na malaman makaranta. Na tuna malamar lissafinmu ta aji uku, mai takalmi ɗaya tal, wadda take raba alli biyu don ya kai Juma'a. Na ce a raina, wato ita ce za ta biya kuɗin barandar.

Sha ɗaya da minti biyar na danna. Ba akwatin ba, maɓallin rufe ciniki.

Ba ya ƙara, ba ya walƙiya. Layinsa kawai ya koma toka. Ya kalli allonsa, ya kalle ni, ya sauke yatsun nan biyu a hankali kamar mai mayar da su aljihu.

Kuma don ƙaddara ta gama wasa da ni, sai kasuwa ta ɗan farfaɗo. Minti ashirin tana hawa. Na ji wani daga cikin 'yan cinikin ya ce da ƙarfi, don in ji, "Wasu dai ko keken yara aka ba su sai sun taka birki." Na shiga banɗaki na tsaya gaban madubi ina tambayar kaina ko na kashe aurena a banza.

Da na dawo, akwai sauran doka ɗaya, wadda ta fi ta farko ɗaci. Duk ɗan cinikin da ya nemi alfarma daga sashenmu ta wayar gida, dole a kai rahoto a ranar, da wayar a hannu. Na buɗe durowa, na ɗaga biskit, na cike takardar nan mai maiƙo, na nufi ofishin shugabarmu.

Tabarau muke ce mata. Ta haura hamsin, gilashinta yana rataye da sarƙa, kuma ba a taɓa ganin tana tauna ko dariya ba. Ta karanta takardar, ta shinshina ta, ta miƙo hannu.

"Wayar."

"Ranki ya daɗe, saƙonni biyar na ƙarshe ne kawai suka shafi aiki."

"Ni zan faɗi wanda ya shafi aiki."

Ta ɗora tabarau a hanci ta fara ja sama. Ta ja, ta ja. Na tsaya ina roƙon ƙasa ta tsage. Wata takwas na "kin ci abinci", da hoton takalmin da na tambaye shi ko ya dace, da ranar da na yi fushi na rubuta masa "to" sau bakwai.

"Wace ce 'takardata mai shekara talatin'?"

"Ni ce, ranki ya daɗe."

"Talatin." Ta dube ni ta saman gilashi. "Ya yi ƙoƙari. Nawa mijin ya ce har abada, ya yi shekara sha ɗaya."

Ta ajiye wayar. Ta ce ni za a rubuta mini takardar gargaɗi saboda ɓoyon wata huɗu, kuma ba zan sake kula da teburinsa ba. Shi kuwa za a dakatar da shi har a gama bincike, ya ajiye katin shiga da makullin motar kamfani.

"Ranki ya daɗe, bai taɓa yin haka ba."

"Ba a taɓa aiko masa a karɓi tukunya ba," in ji zuciyata da muryar Gwaggo. Tabarau kuwa cewa ta yi, "Kin taɓa akwatin?"

"A'a."

"To je ki wajen likitan haƙorinki. Ki gaishe shi."

Kafin in tattara jakata, farfaɗowar nan ta ƙare, kasuwa ta sake ruftawa ƙasa kamar an janye mata tsani. Ƙarfe ɗaya saura, daidai cikar awa biyun da ya roƙa, na yi lissafin a gefen takarda, ba don mugunta ba, hannuna ne ya saba. Da na jira, da asarar ta ninka uku. Na so in ji daɗi. Sai na hango teburinsa wayam, kofin da na saya masa ma babu.

Na tarar da gida yana ƙamshi tun daga ƙofa. Gwaggo ta kawo fararen kujerunta guda shida, duk da baƙo ɗaya ake jira, wai don falo ya yi kwarjini. Baba yana kan yagaggiyar kujerarsa da rediyo a kunne. Shekara talatin da biyu ya yi yana tuƙa babbar mota, kuma ya dawo gida da magana kaɗan.

Na gaya musu komai a tsaye, ko takalmi ban cire ba.

Mama ta zauna a hannun kujera, ludayi a hannunta. "Tsaya in fahimta. Yaro ya ce ki jira awa biyu. Awa biyu. Ni shekara ashirin da tara nake jira."

"Mama, kuɗin mutane ne."

"Kajin nan kuɗin aljanu ne? Duk ofis ɗin babu mai danna abin sai ke? Ba ki da ciwon ciki? Ba ki iya suma ba?"

"Yaya, ki bar yarinya," in ji Gwaggo, tana ɓare gyaɗa. "Na faɗa masa. Kayan aro ba ya ado."

"Ke kuma rufe mini baki, da bakinki aka yi wannan."

Baba ya rage muryar rediyo. "Yanzu suka gama faɗa a labarai, wai kasuwannin duniya duk sun girgiza." Ya dube ni. "Uwata, wannan duk ke ce?"

"A'a, Baba. Ni mutum ɗaya na girgiza."

Ya gyaɗa kai kamar an ba shi rahoton taya, ya mayar da rediyon kunne.

Ƙarfe huɗu ta yi, ta wuce. Mama ta rufe kajin, ta buɗe, ta sake rufewa. Na shiga ɗaki na zauna kusa da rigar ruwan zuma ban sa ta ba. Na yi kukan da ba na son a ji, irin wanda ake toshe baki da matashi. Ina son mutumin nan, 'yan uwa. Ina son yadda yake karanta mini farashin kayan shago da muryar mai labarai don in yi dariya. Amma duk sanda na rufe ido, yatsun nan biyu nake gani.

Huɗu da minti goma wayata ta yi motsi.

"Ina ƙofar gida. A motar haya na zo."

Na leƙa ta sabon labulen Mama. Ga shi tsaye a bakin titi, rigar ta yamutse, kwali a hammata da kayan teburinsa, hannun kofina ya leƙo ta sama.

"Tambaya ɗaya," ya sake rubutowa. "Da kin san har dakatar da ni za a yi, za ki danna?"

Na rubuta masa. "Na sani kafin in danna."

Alamar yana rubutu ta fito, ta ɓace, ta fito, ta ɓace. Na ƙirga har sau huɗu.

"Ni ma na yi lissafin ƙarfe ɗaya. Bai kamata in roƙe ki ba. Ba don lissafin ba, ko da kasuwa ta dawo bai kamata ba. In shigo?"

Mama, wadda ashe tana bayana tana karantawa ta kafaɗata, ta ce, "Alhamdulillahi. Je ki buɗe. Sa rigar tukuna. A'a, buɗe tukuna."

Ban motsa ba. Na rubuta masa: "Awa biyu ka roƙa ɗazu. Ga su, na ba ka. Ka tsaya nan inda kake har shida da minti goma. In kasuwa firgita ta yi, za ta dawo hayyacinta."

Mama ta dafe ƙirji ta tafi kai ƙarata wajen Baba. Na ji ya ce, "Mota in ta sha gangara, ana barinta ta huce."

Minti ashirin na farko ya yi su a tsaye. Maƙwabta suka fara fitowa shan iskar da ba su saba sha ba. Mai shagon gaban gidanmu ya share ƙofarsa sau uku. Wajen biyar saura sai na ga Gwaggo ta fita da farar kujera ɗaya, na ce a raina, ashe tana da tausayi. Na ga sun yi magana, na ga ya laluba aljihu, na ga ta ƙirga ta soke a bakin zani. Ta dawo tana murmushi.

"Gwaggo, haya kika ba shi?"

"Da ragi. Ai ɗan gida ne." Ta zauna ta jawo gyaɗarta. "Na ce masa wannan tawa ce ta kaina, babu mai aikowa a karɓe."

Ya zauna, kwali a cinya, bai taɓa waya ba ko sau ɗaya. Mutumin da ko a layin biyan kuɗi sai ya duba farashi sau goma. Rana ta sauko ta dake shi a fuska, bai matsa ba. Mama ta ɗumama kajin karo na biyu tana magana da tukunya, amma da ni take.

Ni dai na sa rigar. Na ɗaura ɗankwali, na kwance, na sake ɗaurawa. Na shafa jan baki, na goge rabi don kada ya ɗauka an yafe masa duka.

Na duba agogo: shida da minti shida. Shekara huɗu ina aikin nan, ban taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ko ta minti ɗaya ba, har da shi, har da yau. Baba ya leƙo ni ta saman rediyonsa, ya dubi agogon bango, ya kau da kai kamar bai iya karanta lokaci ba.

Saura minti huɗu, na zare sakata.